Tsattsewa Mai Rufi da Marar Rufi

Mota ta huɗu ke nan da hannunsa ya hau tun fitowarsa daga gida. Oreste Bellei ba ya tsayawa, ba ya ma duban motar. Tafin hannun hagu kawai yake ɗorawa a kafaɗarta, saman tayar gaba, ya bar shi yana zamewa har baya shi kuma yana tafiya, kamar mai shafa wuyan saniyar maƙwabci a kan hanya. Ta mai kantin magani lafiya lau take. Ta malamar makaranta an taɓa buge ta a ƙofa, wani ya cike ramin ya shafe da fenti yadda ido ba zai gani ba. Hannu kuwa ya gani. Oreste ya ja tsaki, ya goge tafin a jikin wando, ya tura ƙofar shagon kofi.

"Likita ya gama zagayen marasa lafiya," in ji Fausto mai shagon, yana tura masa ƙaramin kofi a kan kanta. "Yau wa zai mutu?"

"Ta malama. Wani jaki ya yi mata aiki."

"Surukina ne ya yi."

"Na faɗa ai."

Ya shanye kofin a tsaye da kurɓi biyu, yadda ya saba shekara hamsin. A garinmu babu wanda ke kulle ransa don Oreste ya taɓa masa mota. Wasu ma da gangan suke ajiye tasu a layinsa, su leƙa ta taga su ga ko zai yi tsaki.

Maƙerin bodin mota ne, irin waɗanda yanzu sai a ba da labarinsu. Bayan yaƙin duniya na biyu ya shiga gidan ƙirar tsoho Remondi da ke bakin kogi, inda babu injin da ya fi guduma girma. A tsakiyar wurin akwai kututturen itace guda biyu da aka rarake samansu kamar akushi. Kan su ake ɗora fallen alminiyom, a yi ta bugu tun safe, a juya, a buga, a ɗaga a gwada, a mayar, har fallen ya gaji da gardama ya zama kafaɗar mota. Remondi yana da ƙa'ida guda da bai taɓa karyawa ba: kowace mota mutum biyu ne ke bugunta, ɗaya ɓangaren hagu, ɗaya na dama, kuma ba a musanya. Oreste ya samu hagu. Dama ta faɗa hannun wani dogon saurayi mai surutu, Ivo Gibertoni. Cikin wata guda sunayensu suka ɓace. Har matansu daga baya Na-Hagu da Na-Dama suke ce musu.

Abin da masu sayen motocin ba su sani ba shi ne, hagu da dama ba su taɓa zama daidai ba. Mutum biyu, hannu biyu, zuciya biyu. Kafaɗar da Oreste ya buga kullum takan ɗara ta Ivo tsayi da kaurin ɗan yatsa. Ido ba ya kamawa, don babu mai iya kallon ɓangare biyu na mota a lokaci guda. Amma su sun sani, kuma a kan wannan ɗan yatsan suka yi rigimar shekara arba'in da bakwai. Oreste ya ce ta Ivo ce ta sunkuya. Ivo ya ce ta Oreste ce ta ɗaga kai kamar mai ita.

A shekarar 1961 Remondi ya fito da ƙaramar motar tsere mai kujera biyu, mai rufi, ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi kwalta. Sunan da ya sa mata yana nufin tsattsewa, kuma ta ci sunan, don in ta wuce ka a hanya sai ka ga wulgawarta kafin ka ji kukanta. Ranar da aka gama ta farko, su biyun suka tsaya a bakin ƙofa da biredi a hannu, suna kallon direban gwaji ya nufi tsaunuka da ita. Ivo ya ce, bakinsa cike, "Wata rana ni da kai za mu hau irinta har kan dutsen Abetone. Kai ka tuƙa, tunda sitiyari a ɓangarenka yake. Ni in zauna a nawa in riƙa gaya maka ba ka iya ba." Oreste ya ce to. Ba su rantse ba, ba su yi musafaha ba. Sun buga guda ɗari biyu da 'yan kai, sun zauna a cikin kowace ɗaya don daidaita ƙofa, amma babu wadda ta taɓa motsawa da su a ciki. Motar masu kuɗi ce, su kuwa keke suke hawa.

Shekara bakwai bayan haka ɗan Remondi ya karɓi gida. Ya kawo inji mai tsayin bene da ke matse fallen ƙarfe sau ɗaya, tim, ya fito da kafaɗar da Oreste ke kwana uku a kanta. Da wannan injin aka yi sabuwar Tsattsewa, marar rufi, mai tamfol da ake naɗewa a baya. Hagunta da damanta daidai suke kamar ƙwai da ƙwai. Aka mirgina kututturen nan biyu aka kai bayan gida. Na-Hagu da Na-Dama suka koma gyaran motocin da suka yi karo, har ƙarfinsu ya ƙare. Sabuwar kuwa ba su taɓa kiranta da sunanta ba. Gwangwani suke ce mata. In ta wuce, Ivo yakan tofar da yawu, Oreste kuma ya sa hannayensa cikin aljihu. Ita kaɗai ce motar da bai taɓa shafawa ba a garin nan.

A watan Maris na 1994 likitan ido ya haska wa Oreste fitila a ido, ya daɗe yana kallo, sannan ya ja kujera ya zauna kusa da shi. Ganinsa yana ta raguwa, lasisin tuƙinsa zai ƙare a Oktoba, kuma babu likitan da zai sa hannu a sabunta. Oreste ya yi godiya, ya ɗauki hularsa. A hanyar gida ya ƙirga watannin a yatsu, ya ga hannu ɗaya da yatsa biyu sun ishe shi.

Ivo kuwa tun bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a lambunsa tsakanin tumatir. Yanzu yana gidan tsofaffi na sistocin coci, a keken guragu. Bayansa ya ƙage, wuyansa ba ya sunkuyawa, ƙafar hagu ta miƙe ba ta lanƙwasuwa. Baki ne kawai ciwon bai iya da shi ba.

Fausto ne ya kawo labarin, yana goge kofuna. Wani likitan dabbobi a ƙauyen da ke gaba ya rasu, ya bar wa matarsa Tsattsewa biyu a tsohuwar barga, mai rufi da marar rufi, kuma tana son rabuwa da su. Cikin mako biyu Oreste ya sayar da 'yar gonar inabin da ya gada, wadda dama maƙwabcinsa ke nomawa. Kuɗin zai sayi ɗaya daga cikin biyun, ba biyu ba.

'Yarsa Loretta ce ta kai shi. Signora Nerina, matar mamacin, gajeruwar tsohuwa ce mai takalmin roba, ta buɗe musu bargar ta yaye barguna da kanta.

Marar rufin ja ce, tana sheƙi, mijin ya kula da ita kamar amarya. Oreste ya wuce ta kamar ba ta nan. Mai rufin launin toka ce, fentinta ya dusashe, ƙura ta kwanta a gilashi, kaza ta taɓa yin ƙwai a bayan kujera. Ya tsaya a gabanta. Ya ciro farin ƙyalle daga aljihu ya shimfiɗa a tafinsa, don ta cikin ƙyalle hannu ya fi jin gaskiyar ƙarfe. Ya rufe ido.

Hannun ya bi kafaɗar hagu a hankali, ya hau tudun saman taya, ya gangara. A daidai inda ta haɗu da ƙofa akwai wani ɗan lanƙwasa da babu a zanen Remondi, wanda Oreste ya ƙara da kansa don ruwan sama ya riƙa zamewa. Yana nan. Ya zagaya ta baya, idonsa a rufe, ya ɗora hannu a dama. Nan bugun ya sauya, ya zama mai faɗi, mai gaggawa, na mutumin da ke aiki yana ba da labari. Kuma kafaɗar ta yi ƙasa da kaurin ɗan yatsa.

"Baba?" in ji Loretta.

"Mu ne," ya ce.

Loretta ta juya ta dubi bango na ɗan lokaci. Tun a hanya take shirya huɗubar da za ta yi masa, a kan tsufa da ido da gonar kakanni, amma duk ta zube. "To ai magana ta ƙare," ta ce. "Signora, wannan za mu ɗauka."

"Ni dai guda ɗaya na sani," in ji Nerina. "Ranar Asabar wani mutum zai zo daga birnin Milano da babbar mota. Duk wadda kuka bari shi zai kwasa. Kuma wannan mai ƙurar ya fi tambaya."

Oreste ya buɗe ƙofar hagu zai shiga. A da, zamewa yake yi ciki kamar wasiƙa cikin ambulan. Yanzu sai da ya sa ƙafa ɗaya, ya dafa rufi, ya dunƙule, ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji, sannan ya faɗa kan kujera da nishi, hularsa ta tsaya a waje. Loretta ta yi dariya ta ɗauko masa. Shi bai yi ba. Ya zauna riƙe da sitiyari yana kallon kujerar dama, da ƙaramar ƙofar da ke gefenta, ƙofar da Ivo ya buga da hannunsa.

"Ki ba ni zuwa Juma'a, Signora," ya ce.

Washegari da la'asar ya shiga gidan sistoci da nannaɗaɗɗiyar wayar ƙarfe a kafaɗa da filaya a aljihu. A gidan Remondi ba a auna lanƙwasa da magwaji. Waya ake ɗorawa a jikin abu, a bi ta da yatsa har ta ɗauki siffarsa, sai a ɗaga ta a kai inda ake son gwadawa. Oreste bai san wani awo da ya yarda da shi kamar wannan ba.

Ivo yana bakin taga a kekensa, an rufa masa bargo a gwiwa.

"Na-Hagu. Ka zo gyara musu famfo?"

"Zauna daidai."

"Shekara guda ke nan nake zaune daidai. Ba ni da wani zaman."

Oreste ya yaye bargon, ya warware wayar, ya ɗora bakinta a tsakiyar kan Ivo. Ya bi da ita ta ƙeya, ya gangara ta wuyan da ba ya sunkuyawa, ya cusa hannu tsakanin baya da kujera yana danna ta a jikin ƙashi, gaɓa bayan gaɓa. Bai taɓa sanin abokinsa ya rame haka ba. A ƙugu ya lanƙwasa ta da filaya, ya bi cinya, ya wuce gwiwar da ta ƙi, har diddige.

"Akwatin gawa kake auna min?" in ji Ivo. "In kai za ka buga, ka faɗa min tun yanzu in mutu a karkace, don na san ɓangare ɗaya zai fi tsayi."

"Rufe baki, kana motsa min awo."

"Sista Benedetta," Ivo ya kira wata da ke wucewa da tire, "zo ki ga mutumin da ya lalata rabin motocin Italiya. Sauran rabin ni na cece su."

Sista ta yi murmushi ta wuce. Oreste ya yanke wayar, ya ɗaga ta a hankali. Ga Ivo nan a tsaye cikin iska, siririn layi guda, mutum a zaune da miƙaƙƙiyar ƙafa. Ivo ya daɗe yana kallon abin.

"Fausto ya zo jiya," ya ce can. "Ya ce matar likitan dabbobi tana da guda cikin namu."

"Fausto bakinsa ya fi injin kofinsa zuba."

"Ka taɓa ta?"

"Na taɓa."

"Ya take?"

"Taka ta sunkuya."

"Taka ce ta ɗaga kai." Ivo ya juya ido wajen taga, don wuyan ba ya juyawa. "Ka saya, Na-Hagu. Kada ka bari wani ɗan Milano ya kulle ta a ɗaki yana nuna wa baƙi. Ka kawo ta nan ƙarƙashin tagar nan in gan ta. Ya ishe ni."

Oreste ya mayar masa da bargon, ya soke gefensa da kyau.

Ranar Juma'a da safe ya hau bas shi kaɗai, wayar a tsaye kusa da shi kamar fasinja, yana riƙe da ita a ƙugu. Wata mata ta matsa ta ba su wuri. Nerina na ba wa kaji hatsi ta ga ya shigo, ta dubi wayar, ta dube shi, ta buɗe bargar ba tambaya.

Ya buɗe ƙofar dama ta mai rufi, ya tura kujerar baya iyakarta. Ya fara da ƙafa: diddigen ya shiga, gwiwa ta shiga, kan ya daki gefen rufi, saura kusan taƙi guda. Ya fito da ita ya fara da kai: kan ya shiga, ƙafar ta tokare a jikin ƙofa. Ya karkata ta, ya kwantar da ita, ya juya ta ta baya kamar masu shigar da kabad ta ƙaramar ƙofa. Ya cire matashin kujerar gaba ɗaya ya ajiye a ƙasa. Saura yatsa huɗu. Wayar za ta lanƙwasu in ya matsa mata, ya sani. Ivo ne ba zai lanƙwasu ba.

Ya zauna a kan wani tsohon bokiti, zufa na bin wuyansa.

Akwai hanya guda, kuma shi ya fi kowa saninta. A yanke gefen rufin, a ɗaga bakin ƙofar da yatsa huɗu, a sake bugawa. Da a ce shekara ashirin da suka wuce ne, aikin mako uku ne. Ya dubi hannayensa, ya ga yadda tsufa ya cinye su. Ya dubi ƙofar. Ko da hannun zai iya, ɓangaren dama ne. A gidan Remondi mutumin hagu bai taɓa ɗora guduma a dama ba, ko da na daman yana kwance da zazzaɓi, sai dai mota ta jira shi. Ya yanka aikin Ivo don ya shigar da Ivo? Ya girgiza kai shi kaɗai.

"Mijina ma a ƙarshe ya daina shiga wannan," in ji Nerina daga bakin ƙofa. "Gwiwa. Sai dai ya zo ya zauna inda kake zaune, ya yi ta kallonta. Waccan jar ita ce take kai mu cin abinci ranar Lahadi."

Oreste ya tashi. Ya ɗauki wayar ya nufi ɗaya gefen bargar, tafiyar taku shida da ta fi masa tafiyar Abetone nisa. Tamfol ɗin jar a naɗe yake. Bai ko buɗe ƙofa ba. Ya ɗaga wayar sama, ya sauke ta daga bisa, a hankali, yadda mutum biyu masu ƙarfi za su sauke tsoho. Ƙugu ya zauna a kujera. Baya ya jingina. Miƙaƙƙiyar ƙafar ta shige ƙarƙashi har da sauran wuri. Kan ya tsaya cikin iska, babu abin da ke samansa sai rufin barga da hasken da ke zubowa ta ramukan kwano.

Ya saki wayar. Ta zauna da kanta, tana 'yar rawa, kamar mai shirin fara surutu.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ciro farin ƙyallen, ya shimfiɗa a tafi, ya ɗora a kafaɗar jar motar, karo na farko cikin shekara ashirin da shida. Ya bi hagu. Ya zagaya ya bi dama. Sumul, babu tudu babu kwari, babu wanda ya yi fushi a nan, babu wanda ya yi dariya a can. Babu kowa a ciki.

"Ya ka ji ta?" Nerina ta tambaya.

"Ba ta da laifi," ya ce. "Ba ta da komai. Tana tashi?"

"Bugu ɗaya."

"To ita zan ɗauka."

Nerina ta goge hannu a jikin riga. "Signor Bellei, 'yarka ta ce kai ka ƙera waccan."

"Rabinta."

"Mutumin Milano ba zai dawo da ita ba."

"Na sani. Ki ba ni minti goma da ita, in babu damuwa."

Ta fita ta ja ƙofar. Abin da ya yi a minti goman nan ba mai yawa ba ne. Ya mayar da matashin kujerar inda yake. Ya goge ƙurar gilashi da hannun rigarsa. Ya sake bin hagu da dama sau ɗaya, ba ƙyalle wannan karon, fata da ƙarfe, a hankali, yadda ake haddace abu. Idon da zai tafi ya tafi, abin da tafi ya riƙe babu likitan da zai karɓe. Sannan ya ja bargon ya rufe ta har ƙasa, ya daidaita gefe da gefe.

Ƙarar injin ce ta riga shi isa gidan sistoci. Ta shigo ta layin itatuwa, ta zagaya tsakar gida, ta tsaya ƙarƙashin taga ta uku, ta yi gurnani sau biyu ta yi shiru. Tsofaffi masu iya tashi duk sun taso. Da Oreste ya shiga ɗakin, gashinsa a hargitse, hula a hannu, ya tarar an riga an tura keken Ivo jikin taga.

Ivo bai dube shi ba.

"Ja ce," ya ce.

"Ja ce."

"Ba rufi."

"Babu."

"Na san idonka ya lalace, amma ban san ya kai haka ba. An nuna maka tamu, an nuna maka gwangwani, ka ɗauko gwangwani. Ka sayar da gonar ubanka a kan abin zuba sardin."

"Sardin ɗin ne ya yi tsayi. Na gwada ka ta kai, na gwada ka ta ƙafa, na cire kujera. Saura yatsa huɗu. Wani sakarai ya yi ƙofar dama ƙarama."

"Daidai zane na yi ta."

"To daidai zane ba ka shiga."

A ƙasa, cikin jar motar, wayar tana nan zaune a kujerar dama, Oreste ya ɗaura mata bel don kada iska ta ɗauke ta a hanya. Hannun Ivo na dama, mai lafiyar, ya kama hannun keken ya saki, ya sake kamawa.

"Na ce maka ka kawo ta in gani kawai," ya ce, muryar ta yi ƙasa. "Na ce ya ishe ni."

"Na ji. A sittin da ɗaya ba gani ka ce ba. Gani mun yi shi sau ɗari biyu, da biredi a baki."

"Ɗan Milano zai tafi da ita."

"Gobe."

"Ba zai ma san dama ta fi hagu kyau ba."

"Zai ɗauka hatsari ta yi ta wannan gefen."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Ivo, rabi tari rabi dariya, ya ɗauki lokaci kafin ya lafa. Sista Benedetta ta leƙo, ta ga ba abin kira ba ne, ta koma. Ivo ya goge ido da bayan hannu, ya ce hasken tagar nan ya cika yawa, ya sha gaya musu.

Oreste ya ajiye makullin a kan bargon, daidai inda hannun dama zai kai.

"Riƙe wannan, kada in yar. Lahadi ƙarfe tara. Mijin Loretta da mai lambun sistoci za su ɗaga ka su sauke ta sama. Na yi magana da babbar sista, ta ce a dawo da kai kafin ƙarfe shida, da rai in zai yiwu. Ka sa rigar sanyi, can sama akwai iska."

"Lanƙwasa nawa ne zuwa Abetone?"

"Ban ƙirga ba."

"Kana ganin hanya kuwa?"

"Tsakiyarta nake gani. Gefen dama aikinka ne."

Ivo ya rufe yatsunsa a kan makullin. "Zan gaya maka ba ka iya ba tun daga bakin ƙofa."

"Shi ya sa na sayi marar rufi. Iska ta kwashe rabi."

Ya sa hularsa, ya gyara mata zama. A hanyar fita hannunsa na hagu ya sauka da kansa a kan ƙarfen gadon Ivo, ya bi shi har ƙarshe, ya tarar da wani ɗan lotsawa kusa da ƙafa, ya tsaya a kai kaɗan. Bai yi tsaki ba. Ya goge tafin a jikin wando, ya fita ya bar ƙofar a buɗe.